Wankan Yaya Hajara

Tun da na dawo daga Gabon ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a wajen niƙa, har a ajinmu na yaƙi da jahilci inda nake taya malama: "Rabi, yaya Gabon? Da gaske ruwan sama ba ya ɗaukewa? Da gaske biri suke ci?" In na buɗe baki zan fara, sai wata ta katse ni da tambayar atamfar da na kawo. Ban kawo atamfa ba. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ba ta iya karatu ba ta ba ɗiyarta ta karanta mata, ko kuma ta zo aji. Ni ma sai da na haura arba'in na fara riƙe alƙalami.

Ba buɗe ido na je ba. Yayata Hajara, uwa ɗaya uba ɗaya, ta fi shekara talatin a Libreville. Mijinta direban babbar mota ne ya kai ta, ya rasu can, ita ta yi zamanta. Innarmu mai wankan gawa ce a unguwarmu ta Maraɗi, mu biyun ta koya wa aikin. Ranar da muka wanke ita Innar da hannunmu, muka yi alkawari ni da Yaya: duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta wanke ta. A can ma aikin da Yaya ta riƙe ke nan. Duk Bahaushiyar da ta rasu a garin, ita ake kira.

Wata rana ta kira ni a waya, muryarta ta shige ciki. Ciwon hanta ne, likitoci sun faɗa mata gaskiya.

"Rabi, ki taho. Amma ki sani, ko kin zo ba lalle su bar ki ki taɓa ni ba."

"Su wa?"

Sai ta yi mini bayani. Wata hukumar gwamnati ce ta fitar da doka: duk wanda ya mutu, a asibiti ko a ɗakinsa, gidan ajiyar gawa za a kai shi, kuma ba mai taɓa shi sai wanda yake da takardar shaidar hukumar. Ita da ta wanke mata ba adadi, yanzu a bakin ƙofa ake tsayar da ita.

"To me kuka yi?"

"Na kai su kotu. Ni Hajara, da ban san bihim ba, na kai gwamnati ƙara." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

Ɗiyarta Balki ta aiko mini da takardar gayyata. Kafin bizar Kamaru da ta Gabon su fito wata biyu sun wuce, kullum ina jiran a kira ni a ce an yi rasuwa. Da suka fito na ɗaure kayana: zane huɗu, garin kunu, yaji, da ƙullin garin ganyen magarya, wanda muke zubawa a ruwan wankan mamaci. Na daka shi da kaina.

Daga Maraɗi zuwa Kano ba labari. A tashar Kano na haɗu da Hajiya Asabe, wata Bakanuwa mai jiki, tana fataucin daddawa da kuka da turaren wuta zuwa Libreville. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, wannan ce fitarki ta fari ko?" Na ce ita ce. Ta ce, "To ki riƙe abu ɗaya. Mai kaki in ya tambaye ki sunanki, suna kawai za ki faɗa. Kada ki ƙara masa da sunan babanki." Na ce to. Allah ya saka mata, ba don ita ba da ban san inda zan kwana ba a hanyar nan. A kowane gari tana da gida.

Muka kwana Yola, muka tsallaka Garwa. A Garwa gidan wata aminiyarta muka sauka, Bafulatana, ta ba mu tuwon dawa da miyar yakuwa da kifi. Wannan ne abincin ƙarshe da cikina ya gane. Daga nan Ngaundere, muka hau jirgin ƙasa. Ban taɓa hawa ba. Hajiya Asabe ta yi barcinta har da minshari, ni ko na riƙe ƙarfen gado har gari ya waye, ina ji kamar ana tankaɗe da ni. A Yawunde akwai unguwar Hausawa guda, da masallatai da masu tsire, ka ce Kano ce aka ɗauko aka jiƙa da ruwa. Kwana biyu muka yi muna jiran buhunan Hajiya da aka manta a wani taragon.

A iyakar Gabon ne na karya dokarta. Wani jami'in duwan, wato kwastan, dogo mai tabarau, ya kwance kayana ya ɗauko ƙullin magarya. Ya buɗe, ya shinshina, ya kira ɗan'uwansa. Suka hau Faransanci da sauri, nawa Faransancin na aji ne, ba ya gudu. Amma na ji kalmar ƙwaya. Hajiya Asabe tana taka mini ƙafa, ni ko raina ya riga ya ɓaci. Kwana shida ina hanya, ƙafafuna sun kumbura, a ce mini mai safarar ƙwaya?

Na ce wa Hajiya, "Faɗa masa na wankan gawa ne."

"Rabi, ki ce na miya ne."

"Ba na miya ba ne. Faɗa masa."

Da ta ƙi, na haɗa nawa guntun Faransancin na faɗa masa da kaina, har da nuni da hannu yadda ake cuɗa mamaci. Mutumin nan ya saki ƙullin kamar ya taɓa garwashi. Ya goge hannunsa a wando, ya sake gogewa, ya buga mini tambari ba tare da ya ƙara kallon fuskata ba. Ko buhunan Hajiya bai buɗe ba. Da muka hau mota ta ce, "Wallahi daga yau duk tafiya da ke zan riƙa yi."

Murnar ba ta je ko'ina ba. Tsakanin Oyem da Njole aka yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, kayanmu suna saman mota, tamfal ɗin duk huji. Da muka sauke, garin magarya ya zama kunu, ya rine mini zane biyu. A kwata na zubar da shi. Garin kunun ne ya tsira, don yana cikin leda.

Maganar biri kuwa gaskiya ce, ku daina tambaya. A bakin hanya ake rataye shi, da beguwa da wasu namun da ban san sunansu ba. Abincinsu ne, ba su ce in ci ba. Ni burodi da kifin gwangwani na yi ta ci har bakina ya gaji. Hanyar kuwa daji ne ta dama, daji ta hagu, ba ka ganin nesa, kamar kana cikin rijiya. Shinge kuma ba iyaka. A sauko, a nuna takarda, a hau. A sauko, a nuna, a hau.

Unguwar su Yaya sunanta Derrière la Prison, wato Bayan Gidan Kaso, kuma ba ƙarya, ga katangar nan ana gani. Gidaje a kan gangare, lungu sai mutum ɗaya, katako aka shimfiɗa a kan kwata. Balki ce ta tarye ni a tasha. A can aka haife ta, a can ta yi lakwal, wato boko, tana aiki a kantin magani, 'ya'yanta biyu. "Sannu da zuwa, Tanti," ta ce. Na ce mata a garinmu ƙanwar uwa Inna ce. Ta ce to, Tanti. Na ƙyale ta.

Yaya na kwance a kan katifa a ƙasa, don gadon ya yi mata tsawo. Ba don muryar ba da ban gane ta ba. Idon ya yi ɗorawa, cikin ya kumbura, hannuwan nan da ke juya gawar ƙatuwar mace su kaɗai sun zama kara. Ta kalle ni ta ce, "Kin tsufa." Na ce, "Ke fa?" Muka yi dariya, sannan muka yi abin da ya biyo bayanta.

Abincin garin rogo ne. A jiƙa shi, a daka, a ƙunshe a ganye kamar sanda, da tsami-tsami. Ganyensa ma miya ne. Sai ayabar suya da kifi. Gero kuwa sai a kasuwar Mont-Bouët, a shagunan mutanenmu, kuma kamar magani ake auna shi. Garin kunun da na kawo shi kaɗai cikin Yaya yake karɓa, ludayi biyu ko uku.

Mutuwarsu ma daban take. Mu a rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Su sai a sa mutum a sanyi mako biyu, uku, har wata, ana jiran dangi daga ƙauye. A ɗinka anko, a sa wa mamaci kwat da takalmi, a shafa masa hoda, a kafa rumfa da kiɗa. Da farko abin ya ba ni tsoro. Daga baya na ga su ma girmamawa ce, a wajensu saurin binnewa kamar yar da mutum ne. Wanda ya rubuta dokar nan irin wannan mutuwar ya sani. Bai zauna ya tuna akwai masu wata iri ba.

A mako na biyu na ga dokar da idona. Wata matar mahauci 'yar Tawa ta rasu wajen haihuwa. Yaya ba ta iya tashi, ta ce in je. Muka je mu huɗu da likkafani da sabulu da turare. Mai gadi ya tare mu, ya nuna wata takarda da aka manna a bango cikin leda. Na tsaya na karanta ta, harafi-harafi, har ƙarshe, ana ture ni. Masu takardar shaida a gidan duk maza ne sai mace ɗaya, ita kuma tana hutu. Mijin ya ce ko za a shekara namiji ba zai ga tsiraicin matarsa ba. Kwana biyu yarinyar nan ta yi a cikin sanyi. Na koma gida wajen Yaya. Ta ga likkafanin a hannuna yadda na fita da shi, ta juya fuska bango.

Lauyan da ke riƙe da ƙarar, kowa Metir yake ce masa, haka ake kiran lauyoyi a can. Siririn mutum ne, ba ya gaisuwa mai tsawo. Balki ta kai ni ofishinsa tana fassara. Ya ce hujjarsu biyu. Ta farko, doka babba ta ƙasar ta ba kowa damar yin addininsa, ƙaramar hukuma ba ta da ikon toshe wannan da takarda guda. Ta biyu ita ce ta sa na tafa hannu: hukumar ta ce sai mai takardar shaida, amma ba ta buɗe inda mutum zai je ya koya ya samu takardar ba. Ma'aikatan gidajen gawa kawai aka raba wa.

Na ce, "To ai shari'a ta ƙare. Me ake jira?"

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce akwai abu ɗaya da yake hana shi sakewa. Irin wannan doka, in ta fito, akwai wa'adi na 'yan watanni da za a kai ta kotu. In ka rubuta wa hukumar takardar koke cikin wa'adin, aka buga maka tambarin karɓa, lokacin yana tsayawa ya jira ka. Ya tambayi mutanenmu ko sun rubuta. Suka ce sun je har sau uku.

Ga yadda suka je. Dattawan Hausawan garin, Alhaji Mamman mai shagon yadi a gaba, suka sa manyan riguna, suka ɗauki goro da turare, suka je gaida shugaban hukumar. Ya tarye su da fara'a, ya ba su lemo, ya ce za a duba. Bayan wata guda suka koma jin yadda aka kwana, ya ce ana dubawa. Suka bar wata biyu don kada a ce sun matsa wa babban mutum, suka sake komawa. Balki ta ce tun zuwan farko ta roƙe su a rubuta, Alhaji Mamman ya ce rashin kunya ne. Mutum ya karɓe ka a ofishinsa, ya ba ka kujera, ya yi maka magana baki da baki, sannan ka aika masa takarda? Ai ka ce masa maƙaryaci ke nan. Sai da Yaya ta gaji da jira ta sa Balki ta nemo lauya, ta dangwala yatsa. A cikin mazan nan ba wanda ya sa hannu.

Ranar zaman kotu na sa zanen da magarya ba ta ɓata ba. Kwana uku ina shirya abin da zan faɗa, na rubuta shi a littafina na aji, shafi biyu da rabi. Ni shari'ar da na sani ta gaban sarki ce da ta alƙali: mai ƙara ya faɗi nasa, wanda ake ƙara ya faɗi nasa, a kira shaidu, a rantse, a yi hayaniya, a raba. Wannan kotun ta shari'a tsakanin mutum da gwamnati ce, kuma a cikinta takarda ce ke magana. Ba shaida, ba rantsuwa. Shugaban hukumar ko leƙowa bai yi ba.

Tun safe muke zaune a benci, na'urar sanyi tana busa mini ƙeya. Aka yi shari'ar wani ma'aikaci da aka kora, aka yi ta wani fili. Wajen azahar na ji an kira sunan Yaya, an murɗe shi har da ƙyar na gane. Wani mai baƙar riga ya tashi ya karanta takarda kamar ana korar sa. Metir ya tashi ya yi magana kaɗan ya zauna. Na tsakiyar alƙalan ya faɗi kalma biyu, ya ɗauko dosiyen wata ƙarar. Duka-duka bai kai a fere rake ɗaya ba.

Na ce wa Balki, "An fara?"

"An gama, Tanti. Sun ce za su yi shawara, a dawo."

Na miƙe da littafina. Na ce, "Ranka ya daɗe," da Hausa, da ƙarfi. Duk ɗakin ya juyo. Alƙalin ya kalle ni ta saman tabarau, ba da fushi ba, kamar yadda ake kallon akuya ta shigo masallaci. Wani jandarma ya taho ya yi mini nuni in zauna. Balki tana jan zanena tana cewa, "Don Allah, Tanti, don Allah." Na zauna. Shafi biyu da rabi suna nan a littafin, ba wanda ya ji su.

Don ta sanyaya mini rai Balki ta biya da ni Port Môle in ga teku. Masu tambayar teku, ruwa ne mai yawa, da jirage da 'yan dako da warin kifi. Ban ji komai ba.

Mako huɗu muka jira. Kwanakin nan duk iri ɗaya ne a wajena: dama kunu, juya Yaya, wanke zane, shanya shi a ɗaki don ruwa ba ya barin komai ya bushe. Sannan Metir ya kira. An kori ƙarar. An ce ta zo a makare.

Na ce, "To dokar fa? Sun ce daidai ce?"

Ya ce ba su ce daidai ce ba, ba su ce ba daidai ba ce. Ba su buɗe wannan shafin ba. Sun duba ranar da doka ta fito, sun duba ranar da ƙara ta shigo, sun nemi takarda a tsakani ba su gani ba. Zuwa uku, goro da turare, a wajen kotu ba a taɓa zuwa ba.

Ya ce da sauran hanya ɗaya. A rubuta wa hukumar sabuwar takarda a nemi ta janye dokar. In ta ƙi, ko ta yi shiru har wani wa'adin ya cika, sai a kai ƙarar ƙin. Na ce wata nawa? Ya ce kada in sa rai da bana. Ya ce kuma zai fi ƙarfi in shugabannin jama'a suka sa hannu, ba mara lafiya ita kaɗai ba.

Washegari na karɓi sabuwar takardar a hannun Metir na nufi Mont-Bouët. Na tarar da Alhaji Mamman a shagonsa yana auna shadda, dattijo mai farin gemu da tabon salla. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ajiye takardar a kan yadin.

"Alhaji, ladabinku ya kashe ƙarar nan. Ga wata. Sa hannu."

"Hajiya, zauna mana a kawo ruwa."

"Na sha ruwa, garinku ba abin da ya fi shi yawa. Kuna da mata, kuna da ɗiya. Ranar da taka ta faɗi, kai ma goro za ka kai wa mai gadi?"

Bai ɗaga murya ba. Ya naɗe shaddar a hankali, ya ce, "Hajiya Rabi, ke bizarki ta wata uku ce, kin kusa komawa Maraɗi. Ni duk shekara biyu sai na je na yi layi a sabunta mini katin zama, a hannun gwamnatin da kike so in kai ƙara. Ba ni kaɗai ba. Duk yaron da ya sauka garin nan daga gida, sunana yake faɗa in an kama shi. In aka ja layi a kan sunana, wa zai je ya fito da su? Kuskure na yi shi, ban san akwai wa'adi ba. Amma ba tsoron banza ba ne."

Na sassauta murya. Ba don ya fi ni gaskiya ba. Na dai ga shi ma a gajiye yake. Na ce, "To matan fa?" Ya ce a ba shi kwana biyu ya yi shawara. Har na bar garin yana shawara. Balki ce ta sa hannu, da mahaucin nan da matarsa ta kwana biyu a sanyi, da yatsan Yaya. Ni na kai takardar da ƙafata, na tsaya a kan magatakardan har ya buga tambarin karɓa, na sa shi ya sake bugawa don na farkon bai fito sosai ba.

Biza ta zo ƙarshe. An nemi ƙari, an hana. Na ce wa Yaya ba inda za ni, in sun ga dama su kama ni.

"In sun kama ki ga gidan kaso nan kusa, ba sai sun sha wahalar mota ba," in ji ta. "Sai ki wanke ni ta saman katanga. Kuma Balki ce ta sa hannu a takardar gayyatarki, ita za su bi. Tashi ki tafi, Rabi."

"Alkawarin fa?"

"Kin zo. Ni na ga kin zo."

Ranar tafiya na tsefe mata kai na yi mata kitso guda uku, gashin saura kaɗan. Ba mu yi sallama mai tsawo ba, ba halinmu ba ne. Dawowar kwana tara ce, ba Hajiya Asabe, ban kuma riƙe komai daga cikinta ba sai ciwon baya.

Na yi mako shida a gida. Wata Talata da hantsi ina gyaran zogale a tsakar gida waya ta yi ƙara.

"Tanti, Mama ta cika."

Na yi salati. Na tambaye ta suna ina. Ta ce suna gidan gawa, ta yi ta roƙo har an samo mace mai takarda daga wani gidan, sunanta Madam Selestin, Kirista ce, ba ta taɓa wanke Musulma ba. Liman ya ce in ba yadda za a yi, ya halatta a koya mata ta yi. An yarda Balki ta tsaya a bakin ƙofa, ta gani, amma kada ta taɓa.

"Tanti, ban iya ba. Mama ta sha cewa in zo in gani, ni tsoro nake ji. Ban san ta ina ake farawa ba."

Na ce, "Share hawayenki, ba yanzu ba. Kada ki kashe wayar."

Na kori yara, na shiga ɗaki na ja ƙofa, na zauna a bakin gado. Na ce a rufe ta da zane daga ƙirji zuwa gwiwa, kada a ɗaga shi har a gama. Balki ta juya da Faransanci. Na ji muryar matar daga nesa, a natse take. Na ce ta naɗe hannunta da ƙyalle, ta ɗan tada Yaya, ta shafa cikin a hankali. Na jira. Ina jin ƙarar ruwa a kan ƙarfe.

Balki ta ce, "Tana tambaya, ruwan famfon da sanyi, ko ta sirka da na zafi?"

Ban faɗa mata wannan ba. Na manta. Na ce ta sirka, Allah ya yi mata albarka.

Muka yi alwala, gaɓa-gaɓa. Wayar ta yanke a wajen shafar kai, na kira, ta sake yankewa, na sake kira. Muka wanke kai. Na ce gefen dama tukuna, daga wuya har ƙafa, sannan a juya. Sai na ji bakina yana cewa, "Ki ce mata ta bi a hankali da kafaɗar hagun nan, tana mata ciwo."

Na ji Balki ta faɗa wa matar, ita kuma ta amsa da to.

Sau uku aka zuba ruwa. Aka tsane ta, aka mayar da gashin baya, aka sa turare, aka naɗe likkafani ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa, Balki na juyawa, matar na yi. Ba ta yi gaggawa ba, ko sau ɗaya ban ji ta yi tsaki ba. Duk wanda ya san aikin nan yana gane hannun kirki ko da a kunne ne.

"An gama, Tanti. Maza sun zo ɗauka."

Na ce ta yi wa Madam Selestin godiya, ta ce mata ƙanwar mamaciyar ce ta gode. Na ajiye wayar a kan gado. A waje yara sun koma wasansu, wata maƙwabciya tana sallama tana neman aron rariya. Na duba hannuwana. A bushe suke.